Kalmar Sirrin Manoma da Ragon Masara

Shekarun baya, lokacin ina aiki da wata ƙungiyar manoma a Funtua, aka kawo mana sabuwar manhaja ta waya. Da ita kowane mamba zai shiga ya tabbatar da sunansa, ya zaɓi wurin da zai karɓi takinsa da irinsa. Ni ne mai kula da kwamfuta a ofishin, don haka ni aka ɗora wa buɗe wa mutane asusu da ba su kalmar sirri ta wucin gadi, wadda za su fara shiga da ita kafin su sa tasu.

Abokina ne ya gina manhajar, wani gwani da muka yi karatu tare a Zariya. Ya tsara ta yadda ita ke fitar da kalmar sirri da kanta: babban baƙi, ƙaramin baƙi, lamba, da wasu alamomi da ni kaina sai na laluba nake gano inda suka ɓuya a waya. In mutum ya yi kuskure sau uku, asusun ya kulle.

Gozaki muka fara zuwa. Na sa sabuwar shadda, na rataya jakar kwamfuta, ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro intanet. Kafin azahar gumi ya gama da shaddar. Wannan ya ɗauki sifili a matsayin harafin o, wancan ya danna babban baƙi inda ake son ƙarami, wata baiwar Allah kuma ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam, wannan mai kama da tsani fa, ina take?" Asusu sai kullewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga shugabar ofishinmu ta riga ta gaya mana cewa duk wanda bai tabbatar da sunansa ba kafin a loda motar taki, kasonsa wata shiyya za a kai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda na gani da yamma. Mutane sun yi layi a shagon wani mai cajin waya, suna miƙa masa wayoyinsu da kalmominsu yana shigar musu. Shi ne kuma yake zaɓa musu sabuwar kalmar sirri. Ban ce mugu ne ba, amma mutum ɗaya ya san hanyar shiga asusun rabin gari, kuma da asusun ake karɓar taki.

Na kwana a Malumfashi wajen mahaifiyata. Ita ma mamba ce, tana da gonar waken suya a Dayi. Da safe na ba ta tata kalmar don in ga yadda za ta yi. Ta gyara tabarau, ta duba, ta ajiye wayar a kan tabarma.

"Wannan ai ba a iya faɗarta da baki," in ji ta. "Bayan ka tafi in ce mene ne?"

A hanyar komawa Funtua na gama yanke shawara. Na zauna na zaɓo kalmomin da kowa ke faɗa kullum: dawa, gero, masara, wake, rogo, albasa, tasa, kujera, rago, kaza. Na cire duk mai ƙugiya, don ba kowace waya ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Tsarin shi ne kalma biyu da na'ura za ta haɗa da ka, sai lambobi a ƙarshe, duka da ƙaramin baƙi, ba sifili, ba ɗaya. Da mutum ya shiga, dole ya canza ta nan take, in kuma bai shiga ba, ta mutu da kanta washegari.

Na kira abokina. Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Haba malam! Gero da wake? Wannan ai wasan yara ne. Ni ba zan ɓata sunana ba."

Na ce masa, "Taka mai ƙarfi ce, ban musa ba. Amma jiya na ga inda take ƙarewa, a hannun mai caji. Tawa rana ɗaya take rayuwa, kuma mai cankar ta sau uku kawai yake da shi kafin a kulle. Wacce ta fi tsaro, wadda mai ita ya shigar da hannunsa, ko wadda sai ya ba wani?"

Sai ya ce in ƙara yawan kalmomin sosai, kuma lambobin su zama uku. Na yarda, don gaskiyarsa ce. Shugabarmu ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce, "Hajiya, ki ba ni Dayi gobe. In bai yi ba, na ɗauki laifin."

A Dayi abin ya tafi sumul. Zan karanta wa mutum a hankali, ya maimaita, ya koma gefe ya danna. Muna cikin haka aka zo kan wani dattijo da duk yankin an san shi da noman masara, mutumin da rana ba ta fitowa ta same shi a gida. Na duba allon, na matsa kusa da shi na ce, "Alhaji, taka ita ce rago, masara, bakwai, huɗu, biyu."

Ya ɗago kai. "Me ka ce?"

Na maimaita.

"Ni ne ragon masara?" Muryarsa ta tashi. "Yaro, ka tambayi uban kowa a nan, wa ya fi ni shiga gona?"

Sai a lokacin na gane abin da ya ji. A rubuce, rago mai ƙaho da rago mai son jiki duk ɗaya ne, a baki ma bambancin kaɗan ne. Na durƙusa na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Ragon layya ake nufi, ƙosasshe, wanda ya ci masara ya ƙoshi. Kuma na'ura ce ta haɗa, ba ta san ka ba."

Ya ƙura mini ido, sannan ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "To in dai mai ƙaho ne, na karɓa." Na ce a'a, tunda duk gari ya ji ta, ta lalace, sai na ba shi wata. Ranar na cire sunayen dabbobi gaba ɗaya, na gode wa Allah da ban sa jaki ba.

Muka koma Gozaki muka buɗe asusun da suka kulle, waɗanda mai caji ya shigar musu kuma kowa ya sa sabuwa da hannunsa. Na riƙa gaya musu kada su sa lambar wayarsu ko sunan ɗansu, kuma kada su gaya wa kowa, har ni. Kafin a loda mota an gama. Wata tsohuwa ma da na matsa zan taimaka mata sai ta kare wayar da mayafinta ta ce, "Kai ka ce kada a nuna wa kowa. Juya baya." Na juya, ina jin daɗi kamar an ba ni kyauta.

Na daɗe da barin wannan aikin, amma har yau haka nake yi wa duk sabon mai shiga. Abin da na koya shi ne, mu masu wannan sana'a mun fi damuwa da yadda za mu hana ɓarawo shiga, har mu manta mai gidan yana tsaye a waje. Wanda ya kasa shiga ranar farko ba ya cewa tsarin ne bai yi ba. Kansa yake zargi, ya ce shi ne ba shi da ilimi, kuma da wuya ya sake gwadawa. Ni kuwa na ga manoma da idona, wasu ba su taɓa zama a aji ba, sun shiga da kansu, sun rufe da kansu, sun tafi gona.