Zakaran da Farfesa Ya Cinye

"Wai 'yar Ubale likitar zuciya ce?"

"Ta kaji dai."

"Kai, haba!"

"Wallahi. Ƙwai take fasawa tana leƙe, wai karatu ne."

Ubale na jin masu hirar nan ta bayan buhunan masara a kasuwar Burumburum. Shekara talatin yana kiwon kaji, kuma duk ƙasar Tudun Wada babu wanda ya kai shi fankama da su. Noma dai yana yi ne don kada a ce ba ya yi. Kajinsa ko zaure ba sa leƙawa. Har rariyar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa Malam Zakariyya ya toshe da ƙaya, wai kada zakaran Malam, mai wuya kamar an fige, ya ɓata masa iri. Shekara huɗu gaisuwarsu ba ta wuce "lafiya" ba.

Muhsina, 'yarsa ta uku, ita ke digiri na biyu a Kano. Ta taɓa zaunar da shi ta yi masa bayani: kwana biyu da fara kwanci, zuciyar ɗan tsako take soma bugawa a cikin ƙwai. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a ƙwayar halitta, maikuro-RNA, su ke ce wa wannan dakata, wancan yi shiru, har zuciya ta ginu daidai. Ita aikinta ta hana ɗayansu magana, ta ga abin da zai faru.

"Ashe 'yan kamasho ne," in ji Ubale. "Ba su da mota, amma sai sun ce a tashi."

Ƙwan gidan gona ba ya mata amfani, don babu zakara a kansa. Saboda haka duk Asabar Ubale ke jera nasa a kwando cikin ƙaiƙayi, ya ba direba, ya bi shi da gargaɗi har mota ta tashi.

Sai ga Muhsina wata rana da farfesanta, ya zo ganin kajin. Ubale ya dubi baƙo, ya dubi tsakar gida, idonsa ya sauka kan Sarkin Yaƙi, jan zakaransa.

"Malam, shi kaɗai ne zakaranmu fa," in ji matarsa Maimuna.

"Farfesa guda zan yanka wa mace? A ce me a gari?"

Farfesa ya ci, ya ƙara, ya sa albarka.

Kaji ba su fasa ƙwai ba, Ubale bai fasa aikawa ba. Bayan wata guda waya ta yi ƙara.

"Baba, ƙwai sittin na buɗe, babu zuciya ko ɗaya. Har waɗanda ban yi wa gwajin ba."

"Ko 'yan kamashon sun tafi yajin aiki? Ai a jami'a suke."

"Baba, sati shida ya rage in miƙa aikin nan. In ya wuce, shekarata ta tafi." Sai wani abu ya faɗo mata a rai. "Wai ina Sarkin Yaƙi?"

"Farfesanki zai fi ni sani. Har ƙashi ya tauna."

Zakaran kasuwa ba abin yarda ba ne, ciwon kaji na yawo a lokacin. Lafiyayyen zakara ɗaya Ubale ya sani, kullum yana jin cararsa ta bayan katanga.

Ya cire ƙayar rariya da hannunsa, Maimuna na kallo tana danne dariya. Ya zura babbar rigar Juma'a ranar Talata, ya yi sallama a zauren Malam Zakariyya, ya durƙusa, ya gaishe shi har da tambayar gona da iyali. Malam ya sauke tabarau yana jira.

"Allah gafarta Malam, zakaran nan naka mai kyan wuya, don Allah a ba ni aronsa na wata guda. Jami'a ce ke nemansa."