Malamar da Ke Neman Daidai da Ƙaramar Ordinatar

A wani siber, shagon shiga intanet, kusa da kasuwar Dole nake kallonta. Za ta yi shekara hamsin, ga mayafi ruwan goro, ga tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ordinatar, wato kwamfuta, biyu ne a gabanta, wata tsohuwa mai gurnani da wata ƴar ƙarama kamar sabulun wanka. Linux ne a cikinsu duka, amma bidiyon darasi a babbar kawai yake buɗewa.

Ba ta tsaki. Tana sauko da ɗan ƙarin da ake liƙa wa manhajar shiga intanet, ta gwada, ya ƙi, ta nemo wani.

Mai siber ya leƙo. "Madam, ki tafi da babbar mana."

"Lekol ɗinmu, inda nake koyarwa can bayan Mirriya, babu wutar kuran, ɗana. Ƙaramar kaɗai sola ke ɗauka. Ƙwaƙwalwarsu ce ba iri ɗaya ba, abin da aka ɗinka wa waccan ba ya shigar wannan."

Ina zaton gidan dukawa ta tashi, inda ba a zagin ƙafa don takalmi ya matse.

A gwaji na biyar, sai bidiyon darasin ya buɗe a ƙaramar, ga zuciyar mutum tana bugawa a allo. Ba ta yi murna ba tukuna. Ta zare wayar intanet, don can ƙauye babu rezo, ta sake kunnawa. Zuciyar ta ci gaba da bugawa.

Sai yanzu take dariya, tana ƙulle ƙaramar ordinatar a bakin mayafi kamar goron biki.