Jirgi Mai Cin Mutum Biyar

Mijina ne ya kawo zancen sayen jirgin ruwa. Lokacin muna Springfield ta Amurka, cikin shekarun tamanin, ina aikin nas, shi kuma yana wani kamfanin gine-gine. Abokan aikinsa duk Asabar sai su ja jiragensu da mota su nufi kogin Potomac, shi ma ya ce sai yaransa sun sha iskar ruwa. Mutumin da ko iyo bai iya ba. Na yi masa dariya har na gaji, bai fasa ba.

Wata Asabar muka tafi wajen wani dillalin jirage, mu shida: ni da shi, yaranmu uku, sai Mama. Mama mahaifiyata ce. Ta zo daga Kafanchan lokacin da na haifi autarmu, da niyyar wata shida, ga shi autar har ta shiga makaranta. Ita ta riƙe min gida ina kwana asibiti. Amma zaman ya fara tsami. Ta sa baki a girkina, ta sa baki a tarbiyyar yara, babbar 'yata kuma kullum cikin ƙunƙuni don ɗaki ɗaya suke kwana.

Jirage biyu dillalin ya nuna mana. Ɗaya faffaɗa ne mai rumfa da kujeru kewaye, kamar an ɗora falo a kan ruwa, ba ya gudu. Ɗayan ƙarami ne ja, mai tsinin baki. Yaran na ganinsa suka haye.

A gida jirgi ba ya cika sai in mutane sun ƙare. Nan kuwa kowane jirgi akwai ɗan allon ƙarfe manne kusa da sitiyari, an rubuta yawan mutanen da zai ɗauka, kuma dillalin ya ce masu tsaron ruwa suna ƙirgawa. Babban goma ne. Ja ɗin biyar.

Mijina ya ɗaga hannu ya soma lanƙwasa yatsu yana nuna mu. Shi, ni, yara uku. Ya ce da Turanci, “Daidai mu ke nan.”

Mama ba ta jin Turanci, amma ƙirgar yatsu ba ta bukatar tafinta. Tana tsaye da jakarta a hammata, na ga idonta ya bi hannunsa har yatsun suka ƙare.

Raina ya ɓaci. Na ja shi bayan wata tirela na ce, “Baban yara, uwata kaya ce da za a bar ta a bakin ruwa?”

Ya ce, “Ke kika ce min bana za ta koma.”

Na faɗa kuwa. Cikin fushi na faɗa, ranar da ta zubar da miyata ta sake wata. Ban san ya riƙe maganar ba. Abin da ya fi ci min rai, lokacin da yake ƙirgawa ni ma a zuciyata biyar na ƙirga.

Muka dawo muka tarar da ita tana shafa gefen jan jirgin. Ta dubi mijina ta ce, “Ɗana, ku ɗauki wannan, shi yaran ke so. Ni tsoron ruwa nake ji, ko kun sayi babban ba shiga zan yi ba.”

Mijina ya sauke ajiyar zuciya ya yi mata godiya. Shi bai sani ba. Ni na san matar nan ta sha ƙetare rafin garinmu da damina, ruwa iya ƙirji, ina goye a wuyanta da buhun citta a kanta. Kalma ɗaya zan faɗa a sayi babban. Na buɗe jakata ina neman abin da ban ajiye ba, har mijina ya sa hannu a takarda.

A mota muna komawa, ta tambaye ni ko akwatinta na nan a inda na ajiye shi. Na ce yana nan.