Mai Baƙaƙen Yatsu a Tashar Moonta

A tashar jirgin ƙasa ta Moonta, Ada Trevena tana satar kallon wata doguwar tsohuwa da ke zaune gefenta cikin koɗaɗɗiyar baƙar riga. Yatsun matar baƙaƙe ƙirin ne har farce, irin tabon da ruwan wanke hoto ke bari. Wataƙila tana cikin matan nan na zamanin da, masu yawo garuruwan mahaƙa da akwatin hoto a keken doki, waɗanda ake kira idan yaro ya rasu, su ɗauke shi kafin a binne.

Tsohuwar ko ƙiftawa ba ta yi. Winnie take kallo, 'yar Ada, wadda zazzaɓi ya kwantar shiru a cinyar uwarta. Can ta miƙo hannu, ta juya haɓar yarinyar wajen haske.

"Iya, lafiya?" in ji Ada.

"Masu rai ba sa tsayawa, 'yata, dishi-dishi suke fitowa. Wannan kam tsaf za ta fito a hoto."

Ada ta fizgo 'yarta tana jijjigawa. "Winnie, motsa! Motsa mana!"