Shekaruna a Layin Gaba

Karatun kimiyyar ruwa ya kawo ni Lyon, ba wasa ba. A shekarata ta farko a Bron, wata unguwa a gefen birnin, ba ni da wurin zuwa sai aji, sai ɗakina, sai gidan cin abincin ɗalibai, inda kujerun suka yi mini kaɗan. Ni mai jiki ne tun asali. A garinmu, can kusa da Maradi, in an gama girbi nakan shiga kokawa, kuma ba kasafai ake kai ni ƙasa ba.

A gidan abincin nan ne wani dattijon Bature mai ɗingishi ya ajiye farantinsa a gabana, ya zauna ba ko sallama. Ya dubi kafaɗuna, ya dubi hannuwana, kamar wanda ya zo taya sa a kasuwa.

"Me kake yi da wannan jiki haka?" ya tambaye ni da Faransanci.

Na ce aji nake kai shi.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi koci ne a wata ƙungiyar ɗalibai masu buga ƙwallon Amurka, 'yan layi yake horarwa, in zo fili ranar Laraba bayan la'asar in gani da idona.

Na je. Ƙwallon kamar gwanda take, da hannu ake jifarta. 'Yan layi su ne ƙatti biyar da ke durƙusawa a gaba, kafaɗa da kafaɗa. Aikinsu su tare abokan karawa har mai jifa ya samu sararin jifa, ko su buɗe hanya mai gudu ya wuce da ƙwallo. Aka sa mini kwalkwali da sulken kafaɗa, aka ce in tare wani. Da aka hura usur sai na kama ƙugunsa, na ɗaga shi, na nana da ƙasa. Fili ya kaure da ihu. Ina jiran yabo, sai dattijon ya ɗingiso ya ce, "Ya yi kyau, babba. Amma a nan ba a riƙe mutum. Turawa ake yi."

Duk sanyin wannan shekara a kan ƙafa muka ƙare shi. Taku gajere, duwawu ƙasa, kai sama, hannu a ƙirjin mutum. In ɗayanmu ya riga sauran motsawa, dukanmu muke sakewa. Dattijon yakan ce ƙarfina bai dame shi ba, abin da yake so shi ne in san inda ƙafar na kusa da ni take ba tare da na duba ba. Bayan atisaye kuma dole mu biyar mu ci abinci tare, ko da burodi ne da cuku a bakin tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari. Ta haka Faransancina ya warware, ta haka na fara samun gidajen da ake gayyata ta.

Ina da kawu a Paris, ƙanen mahaifiyata, yana aika kayan mota da atamfa gida. Ranar da muka je wasa a bayan birnin, ya rufe shago ya zo da babbar rigarsa, ya zauna cikin iska har aka tashi. Mun ci wasan. Na fito ina fara'a, na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗana," ya ce, "tun da aka fara idona na kanka. Ban ga ka taɓa ƙwallon nan ba."

"Kawu, mu ba ma taɓawa. Tsare mai ita muke yi."

"To me zan gaya wa Yaya? In ce an ba ka hular ƙarfe kana ta ture-ture da 'ya'yan mutane?"

Sannan ya ce zai gaya mata dogari ne ni. Ya saya wa 'yan layin duka gasasshiyar kaza.

Ana gab da in gama digiri na biyu gwiwata ta tsinke a wani wasa. Aka yi mini aiki, likita ya ce in manta da fili. Na kwanta ina kallon rufin asibiti, raina a jagule, don ban san wasan ya shiga jinina haka ba. Dattijon ya zo da lemu a leda. Bai yi mini jaje ba. Cewa ya yi idonsa ya fara rauni, yana bukatar wanda zai riƙa duba masa ƙafafun yara. Da sanduna biyu na koma fili, na zama mataimakinsa. Na samu aiki a wani kamfanin tace ruwa, na yi aure, amma yammacin Laraba da Asabar na fili ne. Da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu cikin duwatsu, aka bar mini layin.

Matsalata ta farko ita ce rashin masu girman jiki. Sai na shiga nema a Vaulx-en-Velin da Minguettes, unguwannin gefen Lyon, cikin ɗaliban da tun suna yara ake korarsu daga filin ƙwallon ƙafa ana ce musu sun cika ƙiba. A cikinsu akwai wani mai karatun jinya, ɗan Minguettes, ƙato ne na gaske, amma in ya ture mutum sai ya tsaya ya ba shi haƙuri. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza.

"Koci," ya ce mini wata rana, "ni tsoro nake in ji wa wani."

Sai na zana da'ira a ramin yashin masu tsalle, na ce kowa ya cire takalmi da kwalkwali. Biyu-biyu za a shiga, wanda aka fitar daga da'ira ya faɗi. Na kunna musu kiɗan kokawa na gida a wayata. Da fari dariya suka yi ta yi. Amma a cikin yashi ba wanda ke jin ciwo, kuma yaron ya gane cewa in ya sa ƙarfinsa daidai, abokinsa fita kawai yake yi, ya tashi ya kakkaɓe wando. Kafin bazara ba mai iya matsar da shi. Har azumi ba mu fasa ba, sai dai mu rage gudu, in rana ta faɗi mu sha ruwa da dabino a bakin fili, waɗanda ba sa azumi ma su miƙo hannu.

A shekarar muka kai wasan kusa da na ƙarshe, a Paris, cikin ruwan sama. Lokaci ya kusa cika, ana gabanmu da kaɗan, tsakaninmu da layin ci bai fi taku ɗaya ba. Babban kocinmu ya juyo ya tambaye ni ta ina za a bi. Na ce ta bayan ɗan Minguettes. Aka hura. Na ga ya sunkuya, ya yi taku gajere, ya kwashi mutum biyu ya yi gaba da su cikin taɓo, mai gudu ya bi ta gurbin ya faɗa ciki. 'Yan kallo sunan mai gudu suke kira. Shi kuwa yaron ya tsaya yana ɗaga waɗanda ya kayar. Wasan ƙarshe an cinye mu, kuma ba da kaɗan ba, amma ba wanda ya bar ƙungiyar.

Bayan wasu shekaru kamfaninmu ya ba ni matsayi a Paris. Wata ƙaramar ƙungiyar ɗalibai a can ta ji labari, suka kira ni. Na yi ta jan ƙafa, har matata ta ce, "Malam, in ka zauna gida ranar Asabar ni za ka dama. Ka karɓa." Layin Bron na bar wa ma'aikacin jinyar nan, wanda a lokacin ya gama karatu yana aiki a asibiti.

Filin Paris a ƙarƙashin babbar hanya yake, motoci na wucewa ta samanmu, ciyawar roba duk ta cinye. Ranar farko na ce 'yan layi su fito. Mutum huɗu suka fito, ɗaya ma takalmin gudu ne a ƙafarsa. Suka ce na biyar ya bar makaranta, amma akwai wani a ajinsu da suke lallaɓawa, wataƙila ya zo mako mai zuwa. Na miƙa wa wani usur ɗina, na tuɓe kwat, na durƙusa a gurbin da ba kowa, gwiwata tana ƙara. Na kusa da ni ya dube ni a tsorace. Na ce masa ya matso da ƙafarsa kusa da tawa, mu fara.