Matar da Ta Ɓare Takardar Akawu

Matar da ke gabana a ofishin 'yan wutar lantarki gajera ce, gilashinta ya sauko kan hanci. Tana rungume da ƙaton fayil, gefensa duk jan biro. Katin wuyanta ya nuna daga hukumar sa ido kan kamfanonin lantarki take, sashen tsaron kwamfuta.

Idonta na kan 'yar takardar da wani dattijon akawu ya manna a jikin kwamfutarsa. Lambar sirrinsa ce, ɓaro-ɓaro, har ni ina karantawa. Ta sa farce ta ɓare ta.

"Haba 'yata, mantuwa gare ni," in ji shi.

"Baba, ɓarawon yanzu ba ya hawa falwaya," ta ce a hankali, don kada ta kunyata shi. "Ta irin wannan ƙofar zai lallaɓa ya kashe wa asibiti wuta."

Ina jin ta yi shekaru tana rubuta dokar ɓoye lambar sirri, ana sa hannu ana cusawa a durowa. In aikinta ya yi kyau babu abin da ke faruwa, don haka babu mai gode mata.

Ta jawo kujera kusa da shi. "Zo mu zaɓi sabuwar lamba wadda ba za ka manta ba."