Tsarabar Suruki

Wata rana da hantsi, ina zaune a sashen gaggawa na wani asibiti ina jinyar yayana da ya faɗi a babur, sai aka shigo da wani bawan Allah ranga-ranga.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, kada ma ku tambaye ni.

Magidanci ne, bai manyanta ba. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, ƙafafunsa sun kumbura suntum, ya riƙe ciki yana murƙususu. Aka kwantar da shi a gadon da ke kusa da namu. Na ji nas ta kira shi Malam Sadisu.

Mutum biyu suka biyo shi. Matarsa, hijabi a karkace, ido jawur. Sai wani dattijo mai farin gemu da carbi a hannu. Mahaifin matar ne, wato surukin mara lafiyar. Shi ya kawo su a motarsa.

Nas ta huda ɗan yatsansa, ta duba abin awo, ta fita da sauri. Sai ga likita, wata mata mai zafin nama wadda ba ta da lokacin wasa.

Sugan jininsa ya yi ƙasa sosai. Aka ɗaura masa ruwa, ya farfaɗo. Ba a jima ba ya sake sauka. Aka ɗebi jini aka kai gwaji, da sakamakon ya dawo na ga fuskar likitar ta canza.

Ta tambaya ko yana da ciwon suga.

Matar ta saci kallon mahaifinta, sannan ta gyaɗa kai.

Dattijon ya daina jan carbi. Ya ce, “Suga? Tun yaushe?”



Likita ta sunkuya kan mara lafiyar. “Malam, ban da maganin sugan, me kake sha?”

“Babu komai, Likita.”

“Jiƙo? Sassaƙe? Wani abin ƙarin ƙarfi?”

“Babu.”

Jama'a, ni da ban taɓa zama ajin likitanci ba na san ƙarya yake yi. Kafin ya amsa sai ya dubi inda surukinsa yake, sannan ya mayar da ido kan silin.

Na ce a raina, to, an zo wurin. Mu maza mun san halinmu. Irin kayan nan ne da ake saye a ɓoye a cusa a aljihun ciki, ga shi ana tambayar mutum a gaban uban matarsa. Har na fara yi masa dariyar mugunta a zuci.

Ashe ba a nan take ba.

Likitar ma abin da na zata shi ta zata. Ta ce kowa ya ba su wuri, ta ja labule.

Amma dattijon bai yi nisa ba. Bayan labulen ya tsaya, tausayi ya hana shi matsawa. Labulen kuma bai kai ƙasa ba. Daga inda nake ina ganin duka ɓangarorin biyu: dattijo a waje yana addu'a, Malam Sadisu a ciki ya ƙura wa takalman surukinsa ido.

Likita ta rage murya, amma duk mun ji.

“Malam, ƙodarka tana gazawa. Akwai abin da ke shiga jikinka yana cin ta. In ban san ko mene ne ba, lalube kawai nake yi. Kuma ƙoda ba ta jiran kowa.”

Ya rufe ido.

Wallahi raina ya ɓaci. Ji na yi kamar in tashi in girgiza shi. Mutum yana bakin rai da mutuwa, an ce ya faɗi kalma ɗaya, ya ƙi.

Yayana da ke fama da karayarsa ya riƙe hannuna, ya ce in zauna, ba ruwana.

Injin da ke gefen gadon ya fara ƙara. Nas ta sake dubawa, ta ce sugan ya ƙara sauka. Leɓɓansa suka fara rawa, maganarsa ta soma harɗewa.

A nan matar ta kasa daurewa. Ta yaye labulen ta shiga.

“Likita, shilajit yake sha.”

Da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, “Zulai!”

“Wallahi sai na faɗa, Abban Nusaiba. Ka yi fushi da ni kana raye.”

Ga waɗanda ba su san shi ba, shilajit wani baƙin abu ne mai danƙo kamar kwalta, ana samo shi a jikin duwatsu a ƙasashen waje. Yanzu ya cika gari, ana tallarsa a waya a matsayin maganin gajiya da ƙarin kuzari.

Dattijon ya matso a hankali. Carbin ya zame daga hannunsa.

“Wanda na ba ka?”

Malam Sadisu ya kawar da kai.

“Sadisu, da kai nake. Wanda na kawo maka?”

“Baba, ku yi haƙuri.”

“Me ya hana ka gaya mini yana cutar da kai?”

“Baba, da wane bakin zan ce tsarabarku ta ba ni ciwo?”



Dattijon ya dafa ƙarfen gado. Ya ce, “Da ka dawo mini da shi, fushin yini ɗaya zan yi. Yanzu fa?”

Sauran labarin daga bakin Zulai muka ji, tana ba likita tana kuka.

Mahaifinta ya yi tafiya ƙasar waje, ya sayo abin a hannun wani mai talla a bakin hanya. Babu sunan kamfani, babu bayanin yadda ake sha. An ce masa ɗanye ne, kai tsaye daga dutse, shi ya fi kyau. Ya lasa, ya ji jikinsa ya yi sakayau. Don ƙauna ya ware wa mijin 'yarsa babban gwangwani.

Ya ce masa cokali guda safe da yamma.

Shi dattijon sai ya tuna yake ɗan lakata. Malam Sadisu kuwa umarni ya ɗauka. Cokali cike, safe da yamma, ba fashi.

Bai taɓa gaya wa surukin yana da suga ba. Wai ba ya son a ce an ba da 'ya ga mai lalura.

Duk Juma'a in suka je gaisuwa, dattijon zai ce, “Ana sha dai ko?” Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, “Ana sha, Baba.”

Ciki ya fara ciwo. Amai ya biyo baya. Fitsari ya ragu. Zulai ta ce ya daina, ya ƙi. Ta ce to ya zubar, ya ce wa Baba ya sha. Ya ce shi ba ya yi wa Baba ƙarya.

Kun ji fa. Ba ya yi wa Baba ƙarya, amma ya yi wa likitar da ke ƙoƙarin ceto ransa.

Likita ba ta tsaya faɗa ba. Ta ce a je gida a kawo ragowar, ta ba da umarnin wasu gwaje-gwaje, ta sa aka dakatar da maganin sugan tukuna. Tana wanke hannu ta ce wa dattijon, “Alhaji, ba cewa na yi abin ba shi da amfani ba. Akwai masu shan tataccensa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, su ce suna jin daɗin jikinsu. Amma ɗanyen da ba a tace ba yana iya zuwa da dalma da wasu gubobi. Kuma mai suga ko mai matsalar ƙoda ba ya taɓa shi sai da sanin likita.”

Aka tura gadon zuwa ciki, dattijon ya bi su a baya.

Da aka kwana biyu na mayar da yayana a duba ƙafarsa. A kan benci, ƙofar ɗakin wankin ƙoda, na ga dattijon nan zaune shi kaɗai. Ya rame har na kusa wuce shi.

Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi mai jiki.

Ya ce, “Yana ciki. An samu dalma a jininsa. Sun ce sai an ci gaba da wankin, ba su san ranar dainawa ba.”

Na yi masa addu'a. Na miƙe zan tafi sai ya riƙe mini hannu.

“Ɗana, ka san abin da ya fi ci mini rai? Duk ranar da na zo ɗaukarsa, sai ya lallaɓa ya durƙusa, ya ce in yafe masa wahalar da yake ba ni.”

Ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa.



Darasi:

Kunya da biyayya abin yabo ne, amma ba a gaban likita ba. Duk abin da kake sha, na asibiti ne ko na gargajiya, saye ka yi ko ba ka aka yi, faɗa masa.

Abin da ya karɓi jikin wani ba lallai ya karɓi naka ba. Kada kalmar “ɗanye” ko “daga dutse” ta ruɗe ka. In kana da suga, hawan jini, sikila, ciwon ƙoda, ko kina da juna biyu, a tambayi likita kafin a kai shilajit baki.

Ku kuma iyayenmu da manyanmu, in za ku ba na ƙasa da ku magani, ku ba shi tare da damar cewa a'a. Da yawa ba za su iya kallon idonku su ƙi ba.

Ka tura wannan zuwa zauren danginku. Wataƙila akwai wanda ke shan abin da ke cutar da shi yau, don kawai ya kasa buɗe baki.